Muhawara a birnin Alƙahira kan bai wa ƙananan yara magungunan ƙwaƙwalwa

A cikin watan azumi na shekarar 2021, ɗimbin iyalai a ƙasar Masar sun riƙa zama gaban akwatunan talabijin bayan shan ruwa domin kallon wani wasan kwaikwayo mai suna Khalli Balak Min Zizi, wanda fitacciyar 'yar wasan nan Amina Khalil ta fito a matsayin jarumarsa. Wasan ya ba da labarin wata mata mai saurin fushi da rashin natsuwa, wadda sai da ta girma har ta yi aure kafin a gano cewa tun tana ƙarama take fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, tare da labarin wata ƙaramar yarinya mai irin wannan matsala. Misrawa na kiran larurar da suna farɗul haraka, wato yawan motsi da watsewar hankali, yayin da likitoci a ko'ina cikin duniya ke taƙaita sunanta da haruffan ADHD. Kafin watan ya ƙare, kalmar da a da sai a bakin likitoci ake jin ta, ta shiga bakin iyaye da malaman makaranta.

Wannan wayar da kai abin farin ciki ne, domin kuwa an daɗe ana ɗora wa irin waɗannan yara laifin rashin kunya ko taurin kai, ana kuma hora su da bulala a kan abin da ba su da iko a kansa. To sai dai ta zo da wata tambaya mai nauyi da har yau ba a gama amsa ta ba, a Alƙahira da ma sauran biranen duniya. Shin ya dace a bai wa yaro ɗan shekara 3 ko 4 ko 5 maganin da ke aiki kai tsaye a ƙwaƙwalwarsa, alhali ƙwaƙwalwar ba ta gama ginuwa ba? Idan kuma ya dace, bayan an bi waɗanne matakai? Tambayar ta shafi Hausawa kai tsaye, ganin cewa Alƙahira na daga cikin biranen da 'yan Nijeriya da Nijar ke zuwa neman magani, ban da ɗaliban Jami'ar Azhar da na sauran jami'o'i da ke zaune a birnin tare da iyalansu.

Tsohon tarihi da ƙarancin ƙwararru

Birnin Alƙahira dai ba baƙo ba ne a fagen kula da masu larurar ƙwaƙwalwa. Tun a shekarar 1284 ne Sarki Mansur Ƙalawun ya kafa shahararren asibitinsa a tsakiyar tsohon birnin, a kan titin da a yau ake kira Al-Mu'izz, inda aka keɓe sashe na musamman domin masu taɓin hankali. A shekarar 1883 aka buɗe asibitin Abbasiyya, wanda har yanzu shi ne mafi shahara a wannan fanni a duk faɗin ƙasar, sa'annan na Khanka ya biyo baya a 1912. A shekarar 1990 kuma Jami'ar Ain Shams ta buɗe cibiyar kula da cututtukan ƙwaƙwalwa da ke ɗauke da sunan Farfesa Ahmed Okasha, wanda ya shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya daga 2002 zuwa 2005. Ta fuskar doka ma, ƙasar ta yi ban-kwana da tsohuwar dokarta ta 1944, ta kafa doka mai lamba 71 ta shekarar 2009, wadda ta fayyace haƙƙoƙin majiyyaci, ciki har da neman yardarsa kafin a yi masa magani. Amma yaro ɗan shekara 4 ba shi da bakin amincewa ko ƙi. Uwa da uba ne ke amsawa a madadinsa, su kuwa abin da likita ya faɗa musu shi kaɗai suka sani.

A nan ne gizo ke saƙar. Al'ummar Masar ta haura miliyan 100 tun a watan Fabrairun 2020, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Likitocin da suka ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwar yara kuwa kaɗan ne, akasarinsu ma a Alƙahira da Iskandariyya suke. Mai hali yakan tafi asibitin kuɗi, maras hali kuwa sai ya yi sammako ya bi dogon layi a asibitin gwamnati ko na jami'a, inda likita guda ke duba ɗimbin jama'a kafin azahar. Alhali kuwa ƙa'idar gano wannan larura ba ta amince da gaggawa ba. Wajibi ne alamun su kasance sun ɗauki aƙalla wata 6, a kuma gan su a wurare biyu ko fiye, misali a gida da makaranta, sa'annan su zarce abin da aka saba gani ga tsaran yaron har suna kawo cikas ga rayuwarsa. Babu wani gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Likita yana dogaro ne da sauraron iyaye, da rahoton malami, da kallon yaron da idonsa, kuma duka waɗannan lokaci suke ci. Rubuta takardar magani kuwa ba ya cin minti biyu.

Yaro a cikin birni mai cunkoso

Kafin a ɗora laifi a kan ƙwaƙwalwar yaro, ya kamata a dubi muhallin da yake rayuwa a ciki. Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutane sama da miliyan 20, mafi yawansu a gidajen bene masu ƙananan ɗakuna, a unguwannin da filin wasa ya yi ƙaranci, titi kuma ba wurin sakin yaro ba ne saboda motoci da a-daidaita-sahu da Misrawa ke kira tuk-tuk. Yaro yakan shiga ajin share fage yana ɗan shekara 4, inda a makarantu da dama ake sa ran ya zauna a kujera ya riƙe fensir, har ma ya koma gida da aikin makaranta. A wasu makarantun gwamnati na Alƙahira da Giza an sha samun aji guda da yara fiye da 70, abin da ya sa a shekarar 2024 ma'aikatar ilimi ta tashi haiƙan wajen rage yawan zuwa ƙasa da 50.

A ɗauki misalin yaron da bai kwanta da wuri ba saboda al'adar birnin ta hira har tsakar dare, ya tashi da asuba, ya daɗe a cikin motar makaranta, sa'annan aka ce ya zauna shiru har tsawon sa'o'i. Idan ya kasa, malamar da ke fama da yara masu yawa ba ta da abin yi illa ta aika wa iyaye cewa su kai shi a duba shi. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2018 ya nuna irin kuskuren da kan iya faruwa a nan. A jihohin da ake rufe ɗaukar 'yan ajin share fage bisa ranar 1 ga watan Satumba, an gano cewa yaran da aka haifa a watan Agusta, waɗanda su ne ƙanana a ajin, sun fi waɗanda aka haifa a watan Satumba samun laƙabin ADHD da sama da kashi 30 cikin 100. Ma'ana dai, wani lokaci abin da ake kira ciwo, ƙuruciya ce kawai.

Magungunan da abin da bincike ya gano

Tarihin bai wa yara irin waɗannan magunguna ya faro ne daga shekarar 1937, lokacin da wani likita mai suna Charles Bradley a jihar Rhode Island ta Amurka ya lura cewa maganin Benzedrine, wanda aikinsa zaburar da ƙwaƙwalwa ne, yana sa wasu yara masu tsananin ƙiriniya su natsu su mai da hankali ga karatu. A shekarar 1944 wani masanin haɗa magunguna na kamfanin Ciba da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan, Leandro Panizzon, ya haɗa sinadarin metilfenidet, wanda daga baya aka sa wa suna Ritalin daga sunan matarsa Rita. Maganin yana ƙara ƙarfin saƙonnin da sinadaran dofamin da noradirenalin ke isarwa a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da mai da hankali da kame kai.

Ga yaran da suka isa shiga firamare, shaidar amfaninsa tana da ƙarfi. Wani babban bincike da aka bayyana sakamakonsa a Amurka a 1999, wanda ya ƙunshi yara 579 'yan shekara 7 zuwa 9, ya nuna cewa magani da ake bayarwa cikin kulawa yana rage alamun larurar sosai a cikin wata 14. Alƙaluman da masana suka tattara a shekarar 2007 kuma sun nuna cewa kimanin yara 5 cikin kowane 100 a duniya ne ke da wannan larura, don haka ba ƙirƙirar Turawa ba ce kamar yadda wasu ke zato.

To amma ga ƙananan yara labarin ya sha bamban. A watan Fabrairun shekarar 2000 wani rahoto da ya fito a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ya tayar da ƙura, bayan ya nuna cewa tsakanin 1991 da 1995 yawan yara 'yan shekara 2 zuwa 4 da ake bai wa irin waɗannan magunguna ya ninka har sau uku a wasu yankunan da aka bincika, ba tare da an taɓa gwada su yadda ya kamata a kan yara masu wannan shekaru ba. Dangane da haka ne gwamnatin ƙasar ta ɗauki nauyin wani bincike a kan yara 303 'yan shekara 3 zuwa 5 da rabi, wanda aka buga a 2006. Abin lura shi ne, kafin a bai wa kowane yaro ƙwaya, sai da iyayensa suka yi mako 10 suna karɓar horo a kan dabarun tarbiyya. Sakamakon ya nuna cewa maganin yana aiki, amma ba kamar yadda yake yi ga manyan yara ba, illolinsa kuma sun fi yawa. Kimanin kashi 11 cikin 100 na yaran an dakatar da ba su maganin saboda rashin barci, ko rashin cin abinci, ko yawan kuka da ɓacin rai. Kazalika girmansu ya ragu da kusan santimita ɗaya da rabi a tsayi da fiye da kilo ɗaya a nauyi a cikin shekara, idan aka kwatanta da abin da ake sa ran gani. Da aka sake duba yaran bayan shekara 6, kusan 9 cikin 10 suna nan da larurar, ko suna shan magani ko ba sa sha. Maganin yana sauƙaƙa alamu ne muddin ana shan sa, ba ya kawar da larurar.

Wannan ne ya sa manyan hukumomin lafiya suka tsaya a kusan matsayi guda. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2011 da ta sabunta a 2019, ta ce ga yaro ɗan shekara 4 zuwa 5 horar da iyaye da gyaran tsarin aji ne matakin farko, magani kuwa sai idan wannan ya gaza kuma matsalar ta yi tsanani. A Birtaniya, ƙa'idojin 2018 sun hana bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara 5 maganin ADHD sai an nemi ra'ayin wani ƙwararre na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya WHO, a littafin jagoranta na ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba, wanda ta fara fitarwa a 2010 ta kuma sabunta a 2016, ta ce kada a ba da metilfenidet ga yaron da bai kai shekara 6 ba, kada kuma a ba da maganin ciwon damuwa ga wanda bai kai shekara 12 ba. Duk da haka, faɗa da cikawa ba su cika tafiya tare ba, domin ko a Amurka hukumar yaƙi da cututtuka ta bayyana a 2016 cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na yara 'yan shekara 2 zuwa 5 da ake kula da su saboda ADHD suna shan magani, alhali kusan rabi ne kawai ke samun wani taimako na gyaran hali.

Maganin da aka kulle da wanda aka bari a buɗe

A ƙasar Masar akwai wani al'amari da ya ƙara dagula lamarin. Metilfenidet yana cikin jerin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, kuma Masar, wadda ta sha fama da matsalar shaye-shayen tiramadol har ta sanya shi a sahun farko na miyagun ƙwayoyi a 2012, tana tsananta sa ido a kan irin waɗannan magunguna. Ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, kuma sai da takardar likita ta musamman. Daɗin daɗawa, faɗuwar darajar fam na Masar, wanda a watan Maris na 2024 ya sauka daga kimanin 31 zuwa kusan 50 a kan dala guda, ta sa magungunan da ake shigowa da su daga waje sun yi tsada, wasu ma sun yi ɓatan-dabo na wani lokaci.

A ɗaya hannun kuma akwai risperidon, wanda asalinsa maganin manya ne masu tsananin taɓin hankali. Ana sarrafa shi a cikin gida, har da na ruwa mai sauƙin bai wa yaro, farashinsa da sauƙi, kuma ba ya cikin jerin miyagun ƙwayoyi. A shekarar 2006 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a ba da shi ga yara daga shekara 5 masu larurar otizim, wadda Misrawa ke kira tawahhud, idan suna fama da tsananin hasala ko cutar da kansu. Ba ta amince da shi a matsayin maganin ƙiriniya ba. Illolinsa sun haɗa da ƙiba mai sauri, da kasala da yawan barci, da tashin sinadarin da ke sa ruwan nono har ƙirjin yaro namiji ya kumbura, da karkarwa ko ƙagewar jijiyoyi. Hatsarin a fili yake: a inda maganin da aka fi bincika ya yi wuyar samu, mai nauyin kuma yake kusa da hannu, yaron da ya yi lamo saboda kasala sai a ɗauka ya warke. Duniya ta ga ƙarshen irin wannan sakaci a watan Disamban 2006, lokacin da wata yarinya 'yar shekara 4 ta rasu a jihar Massachusetts ta Amurka sakamakon yawan maganin da aka ɗura mata, bayan an laƙaba mata larurori biyu na ƙwaƙwalwa tun tana 'yar shekara 2. Daga bisani kotu ta samu iyayenta da laifin kisan kai.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da magani baki ɗaya. Akwai yaron da ke buga kansa da bango har jini ya fito, akwai wanda ke tsallaka titi a guje ba ya ji ba ya gani, akwai kuma wanda makarantu suka yi ta kora. Ga irin waɗannan, magani a hannun ƙwararre rahama ne, kuma hana su shi saboda tsoron surutun jama'a zalunci ne. Abin da ake jayayya a kai shi ne matakin da ya kamata ya zo farko.

Matakin farko

Matakin farko shi ne a tabbatar ba wata cuta ce ta ɓoye a bayan halin yaron ba. Yaron da kunnensa ba ya ji sosai ko idonsa ba ya gani, da mai ƙarancin jini, da wanda kumburin maƙogwaro ke hana shi barci mai daɗi, da mai nau'in farfaɗiyar da ke sa ya yi tsai na 'yan daƙiƙoƙi, duk suna iya kama da mai ADHD. Haka nan maganin farfaɗiya na fenobabiton, wanda ake yawan amfani da shi a ƙasashe masu tasowa saboda araharsa, an san yana jawo wa wasu yara yawan motsi da saurin fushi. Gubar dalma ma tana lalata hali da ƙwazon yaro, darasin da jihar Zamfara ta koya a 2010 lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan haƙar zinariya. Ban da haka, yaron da ke ganin tashin hankali a gida ko wanda ya tsere wa yaƙi, kamar dubban yaran Sudan da suka iso Alƙahira tun daga watan Afrilun 2023, yakan bayyana firgicinsa ne ta hanyar hali, domin ba shi da kalmomin faɗa.

Mataki na biyu shi ne horar da iyaye, wanda akan yi a zama 8 ko fiye. Ana koya musu yadda za su ba da umarni ɗaya gajere a lokaci guda, su yaba wa yaro nan take idan ya yi daidai, su kau da kai daga ƙananan laifuffuka, su tsayar da lokacin barci da na cin abinci, su kuma yi hukunci mai sauƙi wanda ba ya sauyawa, ba tare da duka ba. Muhimmancin wannan ya fito fili idan aka tuna cewa binciken lafiyar iyali na Masar na 2014 ya nuna kashi 93 cikin 100 na yara 'yan shekara 1 zuwa 14 sun fuskanci horo na tsawa ko na duka. Masu iya magana kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban.

Darasi ga ƙasar Hausa

Idan Masar da ke da tsofaffin asibitoci da jami'o'i tana fama da ƙarancin ƙwararru, to halin da ake ciki a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ya fi tsanani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato da Dawanau ta Kano, kuma a watan Janairun 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin wannan fanni ba su wuce ɗaruruwa kaɗan ba a ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 200. A irin wannan hali, yaro mai larura yakan ƙare ne a hannun mai bulala ko mai cire aljanu, ko kuma a ɗura masa maganin mura mai sa barci daga kemis domin gida ya samu sakat. Addu'a da ruƙiya suna da matsayinsu a zuciyar mumini, amma ba sa hana a kai yaro asibiti a duba kunnensa da jininsa.

Ga iyayen da likita ya miƙa wa takardar magani, ko a Alƙahira ko a Kano, akwai tambayoyin da haƙƙinsu ne su yi kafin su tashi daga kujera. Mene ne sunan larurar, kuma da wace hujja aka gano ta? An ji ta bakin malamin yaron? Me aka gwada kafin a kai ga magani? Wane hali takamaimai ake so maganin ya gyara, kuma yaushe za a zauna a duba ko ya yi aiki? Wa zai riƙa auna tsayi da nauyi da bugun zuciyar yaron? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan kuwa an riga an fara maganin, kada a dakatar da shi kwatsam ba tare da shawarar likita ba, domin wasu daga cikinsu sannu a hankali ake janye su. Mazauna Masar na iya neman shawara ta layin wayar 16328 na babbar sakatariyar lafiyar ƙwaƙwalwa da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya.

Wasan kwaikwayon Zizi ya koya wa Misrawa sunan larurar. Aikin da ya rage wa hukumomi, a Alƙahira da sauran biranen Afirka, shi ne samar da likitan da ke da lokacin sauraro, da malamin da aka horar, da ajin da yaro zai iya numfashi a cikinsa, ta yadda in ƙwaya ta shiga bakin ɗan shekara 5, za a tabbata cewa domin amfanin kansa aka ba shi, ba domin manya su huta ba.